Jarancin Sale Tarjama

Ku samarin unguwar Jarwal ta nan Makka da kuke zaune kuna latsa jawwal, wato waya, na ji abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai turin arabiyya ba sana'a ba ce, wai ko jaki aka ɗaura wa ita zai zagaya. To ku gyara zama. Ni Sale, wanda ake ce wa Sale Tarjama, shekarata talatin da wani abu ina tura tsofaffi da marasa lafiya a keken ɗawafi, wanda mu a nan muke kira arabiyya. Tafiyar da na yi tsakanin Safa da Marwa, in da za a miƙe ta, da na je Bauci na dawo, na sake komawa na ɗauko hular da na manta.

Fasinjana na farko ba mutum ba ne, buhun shinkafa ne. Maigidana a sana'a, Malam Idi, wani dogon mutumin Agadas da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, shi ya ɗora buhun a arabiyya, ya ɗora kwano cike da ruwa a kai, ya ce in hau tudun Nakkasa in sauko. In ɗigo ɗaya ya zuba, a sake daga ƙasa. Da gemuna a lokacin, matan unguwa suna leƙowa suna dariya. Rannan na gaji na ce, "Malam, shinkafa ce fa." Ya ce, "Uwar wani ce." Sati biyu na yi ina tura uwar wani kafin ya yarda ya ba ni ɗan Adam.

Arabiyya kuna ganinta kamar kujera mai taya. Wannan ƙarfen na gaba da ake ɗora ƙafa, shi ne wuƙar sana'ar. In ya sami agarar alhajin da ke gabanka, za ka ji zagi da yaren da ba ka san Allah ya halitta ba, kuma mutumin yana cikin harami, ka ɓata masa ibada ka ɓata wa kanka. Don haka ido yana kan dugadugan mutane, baki yana cewa ɗarik ya haj, wato ba hanya alhaji, hannu yana kusa da birki. A yatsa kuma akwai ɗan carbi mai ƙwaya bakwai, kowane zagaye ka ja ɗaya. Mu a saman bene muke bi, inda zagaye ɗaya ya ninka na ƙasa, tsoho ya yi barci ya farka ya tambaye ka na nawa ke nan. In ka ce ba ka sani ba, ka tattara ka koma sayar da carbi a bakin titi. Sai tawul, da 'yar gorar fesa ruwa, da safa mai kauri. Ba na fita ba tare da su ba.

Wani alhaji na taɓa turawa, mai jiki, wanda da ya zauna sai da tayar ta yi salati. A zagaye na huɗu ya ce in tsaya ya amsa waya, ana cinikin shanu a gida. Wata kuma tun daga ƙofa take gyara mini addu'a har muka gama sa'ayi. Kowa da irin nasa. Kuma kowa da yarensa, a nan na samo sunan Tarjama. Na cika unguwar Misfala da cewa ina jin yare goma sha biyu. Gaskiyar magana, a kowanne abu huɗu na sani: zauna, ɗaga ƙafa, ba hanya, an gama. Amma in na jera su da sauri, har ni kaina sai in yarda. Wanda na fi bugun ƙirji da shi kuwa Jaranci ne, don ni Bajari ne daga wajen Dass. Nakan ce, "Wannan ba koya na yi ba, a nono na sha." Ba wanda ya taɓa gwada ni, to wa zai gwada?

Shekarar korona, da aka rufe Harami, arabiyyar nan tukunyar gas ta riƙa ɗauka zuwa gidajen mutane. Na tura gas, na tura katan ɗin kaji, na tura wata tsohuwar firji da ta fi duk alhazan duniya taurin kai. Da aka buɗe kuma sai ga masu lantarki sun yi yawa, tsoho ya zauna, mota ta zagaya da shi. Na ɗauka wannan ce shekarar da ta fi kowace girgiza ni. Ashe akwai wani aiki guda da ke jirana.

Bayan an sauko daga Mina ne, da hantsi, ina zaune a inuwar wata imara, wato dogon bene, a Misfala ina ɗaure birki, sai mai gadin masaukin alhazan Bauci ya zo da saurinsa. Ya ce, "Tarjama, yau ranarka ce. Ana neman mai jin Jaranci." Na miƙe ina gyara hula. Na ce, "Sun zo gidan."

A hawa na shida na tarar da wani babban mutum, Alhaji Kabiru, malamin jami'a, mai furfura a gemu da gilashi. A kan gado ga mahaifiyarsa, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta riƙe ƙarfen gado da hannu biyu. Ya yi mini bayani a tsaye. Zafi ya kayar da ita a Mina, ta kwana uku a asibiti. Jiki ya warware, amma tun da ta farfaɗo Hausa ta ɓace daga bakinta, sai Jaranci zalla, yaren da ya ce rabonsa da ya ji ta yi shi tun yana ɗan firamare. Ba ta yi ɗawafin ifada ba, wanda in babu shi babu hajji. Jibi da safe motarsu za ta tashi zuwa Jidda. An kawo arabiyya har sau uku, ta ƙi hawa. Kalma ɗaya take ta maimaitawa tana duban ƙofa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ba ka ji ne?"

Ya ce, "Ko gaisuwa. Ita ta hana. Da muka dawo cikin gari yara suna yi mana dariya a makaranta, sai ta ce daga yau Hausa, duk wanda ya yi yaren ƙauye ba shi da tuwo."

Na durƙusa na gaishe ta da Jaranci, yadda na tuna kakata tana yi. Wallahi sai idon tsohuwar nan ya buɗe. Ta saki gado ta kama hannuna, ta kwararo mini magana kamar an buɗe famfo. Ina sauraro, ina gyaɗa kai, ina cewa uhum. Na san sautin, na san inda murya take hawa da inda take sauka, kamar ka ga fuskar ɗan unguwarku ka manta sunansa. Amma ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Na laluba cikin kaina, abin da na tarar gaisuwar nan ce, da ƙirga zuwa biyar, da abin da ake cewa in za a kori kaji. Shi ke nan abin da na sha a nono.

Ta ƙare da kalmar nan tata: "Ngalim." Ta sake: "Ngalim."

Alhaji ya ce, "Yawwa, ita ce. Me take nufi?"

Mai hankali zai ce ban sani ba. Ni na ce, "Ruwa take so."

Aka kawo zamzam ta sha, ta ce Ngalim. Aka ƙara, ta sha don kunya, ta ce Ngalim. Na ce, "To, a wajenmu ruwa ne, amma mutanen bayan dutse suna nufin abinci." Aka aika aka sayo tuwo da miyar kuka a wajen matan Jarwal. Ta kalli kwanon, ta kalle ni, ta yi wani tsaki wanda ba ya bukatar tafinta. Alhaji ya cire gilashinsa ya ce a hankali, "Malam Sale, don Allah, kana ji ko ba ka ji?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ji, fahimta ce ta ɗan yi nisa."

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce tun jiya yake kiran gida. Ƙannensa biyar, babu mai ji. 'Ya'yansu kuwa har tambaya suke wai dama Hajiya tana da wani yare. Akwai wani ɗan kawunsa a ƙauye da aka kara mata wayar a kunne, ya ce yana tsintar kaɗan-kaɗan amma ba ya iya mayarwa, kuma wannan kalmar bai taɓa jin ta ba. Kawun da ya iya yaren ya rasu bara.

Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Na bi imarar nan hawa-hawa ina ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda ya ce shi Bajari ne na samu ya fi goma. Na farko ya ce babarsa ce take ji. Na biyu ya ce shi zagi kawai ya iya, ya kuma yi mini guda biyu kyauta. Wata hajiya ta ce, "Haba Malam, wa yake wannan yanzu?" kamar na tambaye ta ko tana daka da turmi. A hawa na tara na tsaya a kan matakala. Ni duk shekarun nan na ɗauka ni kaɗai ne na yar da nawa yaren, don na yi nisa da gida. Na ɗauka yana can a ajiye, cike da kasuwa, duk ranar da na koma zan ɗiba. Ashe kowa haka ya ɗauka, kowa ya bar wa wani ajiya.

Na zauna na ƙirga Jarawan Makka da na sani. Da can a Nakkasa akwai layi guda, gida huɗu, in ka bi da yamma za ka ji tsofaffi suna yi a bakin ƙofa. Biyu sun rasu. Ɗaya an mayar da shi gida. 'Ya'yansu in ka yi musu Hausa ma da Larabci suke amsawa, esh tabga ya ammi, wato me kake so baffa. Layin kansa an rushe shi. Mutum ɗaya ta rage, Inna Talatu, tsohuwar da take sayar da hatsin tattabaru a bayan wata gada. Shekara ashirin ina kauce wa hanyarta, don ta taɓa tare ni ta yi mini Jaranci a gaban mutane, na ce ana jirana da fasinja na tsere.

Na tura arabiyya ba kowa a kai har wajenta, rana tana dukan ƙeya. Tana zaune da 'yan ledojinta, tattabaru sun kewaye ta.

Ta ce, "A'a, Tarjama. Yau fasinjan ya sake ka?"

Na ce, "Inna, hau."

"In hau in je ina? Ni na yi ɗawafina tun kana tura shinkafa."

Na gaya mata komai, har da ruwan da tuwon. Ta yi dariya har tattabaru suka tashi. Sannan ta ce tun rasuwar mijinta ba ta yi Jaranci da kowa ba sai da tsuntsayen nan, su ma ba sa gyara mata. "In na je bakina ya ƙi fa?" Na ce, "Naki ko ya ƙi ya fi nawa da ya yarda." Ta ɗaure ledojinta a zani ta hau, tana ce mini in yi a hankali, maƙaryaci ba ya ganin rami.

Da muka shiga ɗakin, Inna ta tsaya a ƙofa ta yi sallama da yare. Abin da ya biyo baya ban taɓa gani ba. Tsofaffin nan biyu da ba su san juna ba suka riƙe hannu, wannan ta faɗa, wannan ta karɓa. Da fari Inna tana tuntuɓe, tana cusa Larabci, Hajiya tana gyara mata da yatsa. Can sai ta miƙe. Ni da malamin jami'a muna tsaye jikin bango kamar masu jiran lifta. Ya kai rabin awa. Daga ƙarshe Alhaji ya kasa haƙuri.

"Inna, don Allah, me take so? Mene ne Ngalim?"

Inna ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Kai ne."

"Ni ne me?"

"Kai ne Ngalim. Sunanka ne na gida, na kakanka, da shi aka kira ka kafin a yanka maka rago. Cewa take ɗanta ya ɓace a Mina. Kwana uku tana kiransa bai amsa ba, sai wani Bahaushe mai gilashi da yake ta ba ta ruwa. Ta ce mutumin kirki ne, Allah ya saka masa, amma ba za ta je ɗakin Allah ba sai an nemo mata ɗanta."

Na ga mutane sun faɗi a wajen jifa, na ga abubuwa a sana'ar nan. Ban taɓa ganin fuska ta yi abin da ta Alhaji Kabiru ta yi ba. Ya zauna a ƙasa, a kan tayil, da babbar rigarsa. Ya ce, "Shekarata hamsin da bakwai. Ba wanda ya taɓa gaya mini." Inna ta ce, "Wa zai gaya maka? Masu kiranka da shi sun mutu, ita kuma ta rufe bakinta don kada a yi maka dariya."

Ya matsa ya ce, "Mama, ni ne. Ni ne Ngalim." Hajiya ta kalle shi ta kau da kai. Inna ta ce ba haka ake yi ba. In uwa ta kira, akwai yadda ɗa yake amsawa, 'yar kalma ce guda da ake ja ta hanci, ba na'am ba ce, ba iye ba ce. Ta ja shi bakin ƙofa ta koya masa. Mutumin da yake koyar da ɗalibai a babban zaure, yana tsaye a lungun imara yana maimaita gaɓa ɗaya, mai sayar da hatsin tattabaru tana cewa, "A'a, wannan kukan akuya ne, sake." Na so in sa baki in gyara masa, Inna ta ce, "Kai rufe mana baki, mai ruwa." Ya yi ya fi sau talatin. Sai ta ce ya tsaya a waje, kada ya shigo sai an kira.

Muka koma ciki muka zauna. Ba a daɗe ba Hajiya ta dubi ƙofa ta ce, "Ngalim."

Daga waje ya amsa.

Ta saki ƙarfen gado. Ta sake kira da ƙarfi, ya sake amsawa, ya shigo. Ta kama kunnensa, kunnen mai furfura, ta murɗa, tana faɗa. Inna ta ce, "Tana tambaya gidan uban wa ka tafi." Sannan Hajiya ta nuna arabiyyata da haɓa. Inna ta tuna mata niyya da yare, ta yi alwala, muka ɗora ta. Ba ta kai rabin buhun Malam Idi nauyi ba. Inna ta ce ita ba za ta bi mu ba, ƙafa ba ƙafa ba, kuma tattabarunta ba su ci ba. Alhaji ya sa a mayar da ita a mota.

Bayan la'asar muka hau benen Harami. Ni ina turi, shi yana gefe riƙe da hannunta. Duk taku kaɗan sai ta kira, shi kuma ya amsa. In ya ja ta daidai, ta yi shiru ta ci gaba da motsa baki. In ya karkace, ta ɗaka masa duka a bayan hannu ta faɗa masa yadda ake yi. Mutane na ta addu'a da harsuna iri-iri a kewaye da mu, ni kuma ina jan ƙwayar carbi ina jin wani babban mutum yana koyon amsa sunansa. A zagaye na biyar muryarsa ta dushe, bai daina ba. Muka cika bakwai, muka yi sa'ayi, ban taɓa agarar kowa ba.

A kan Marwa na danna birki na ce an gama, da Hausa, don ban san yadda ake faɗa da namu ba. Hajiya ta juyo ta kama hannuna. Ta dube ni ido cikin ido, ta yi magana mai tsawo, a nutse, ta ɗaga yatsa sama, ta nuna ni, ta nuna bakina. Na dubi Alhaji, ya dube ni. Inna tana can bayan gada.

Na ce amin. Shi ma ya ce amin. Ko albarka ta sa mini, ko cewa ta yi Allah ya shirya maƙaryaci, har yau ban san abin da na ce wa amin ba.